Muƙami a Gaba, Suna na Biye

Ruwa na dukan kwanon ofis tun asuba,
Suva dai ba ta san rani ba.
Ni Litiana, watana huɗu a kujerar akawu,
aka dire min takarda, aka ce buga, kada ki ɓata.
Sallama ce daga aiki, shekara talatin da ɗaya.
Na duba sunan, yatsuna suka ƙi tafiya,
sunan da ke bin nawa ne tun ran suna.

Madam Urmila ta zame tabarau zuwa karan hanci.
"Muƙami a gaba, yarinya, suna na biye.
Waran Ofisa Mai Daraja ta Ɗaya, a cike,
ba a gutsura wa dattijo girmansa.
Lamba a sama, bataliya a ƙasa.
Kada ki ce Saje, ya wuce nan kina goye.
Kada ki ce Laftanar, bai taɓa ɗaura anini ba.
Tsakanin igiya da anini akwai 'yar gada,
a kanta irinsu ke tsayuwa har furfura."

Na ce, gaisuwar fa?
Ta ce, "Kurtu ya ce Yallaɓai,
Kanar ya ce Mista Rokovuni.
Ke ba ki sama, ba ki ƙasa,
bakin Kanar kika ara, ki mayar masa yadda kika karɓa."

Mista Rokovuni!
Wanda tsawarsa ke korar tsuntsaye daga mangwaron filin fareti,
ya dawo gida ya zauna a tabarma
yana cire min ƙaya daga kifi, ɗaya bayan ɗaya,
da yatsun da ba su iya zura allura ba.
Wasiƙunsa daga Labanan suna nan a gwangwanin biskit,
rubutu karkatacce kamar shukar rogo bayan iska,
ba lamba, ba bataliya,
a ƙarshe baƙi da wasali kawai: Ta.
Haka muke kiran uba a tsibirinmu.

Na buga ta farko, na tsallake lambar.
Na buga ta biyu, hannuna ya riga ni,
ga Ta ya faɗo inda Mista zai zauna.
Madam ta gani, ta kau da kai,
ta tura min kwandon shara da ƙafa,
ta ci gaba da kurɓar shayinta.

Ta uku ta fita tsaf, ba tabo.
Muna godiya da hidimarka, in ji Kanar,
layi shida, shekara biyar-biyar kowanne,
ta ɗayar da ta rage babu wurinta.

Kafin in lasa kan sarki
na ɗauki fensir, na sa baƙin nan da wasalinsa
a kusurwar ambulan, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa,
na manna, na danna da tafin hannu.
Doka ba ta leƙa ƙarƙashin kan sarki.

Madam ta ce, "Asarar kuɗi, ga shi can yana zuwa."

Ya shigo da jiƙaƙƙiyar hula a hammata,
takalmi na ƙyalli duk da taɓon Nabua.
Ya tsaya ƙyam a gaban teburina
kamar bai taɓa ɗora ni a wuya ba.
Ya karanta bayan ambulan har sau biyu.

"Akawu," ya ce, "waƙafi ya ɓace bayan sunan."
Na ce, "Za a gyara, Yallaɓai."
Ya ce, "Bar shi."

Ya ɗaga ta saitin taga,
inda ɗan hasken ruwa ke shigowa,
ya daɗe yana duban kusurwar.
Sannan ya sa ta a aljihun ƙirji, ya maɓalla.

A bakin ƙofa, bai waiwayo ba,
ya ce, "Uwarki ta ce ki sayo gwaza."