Kilo Goma Sha Tara

Lisandro ya kawo motar ubansa garejina
nan Paysandú, ranar Talata, ana yayyafi.
Ƙirar sittin da huɗu, koriya shar.
A kujerar baya ga wani dogon kwali:
sabuwar bamba ta fayiba, an shafa mata ruwan azurfa.

"Cire tsohuwar, Evaristo. Ta cika nauyi,
tana sha mini mai, tana danne hancin motar a kwana."

Noti huɗu suka yarda, biyu suka ƙi
sai da na nuna musu wuta.
Mu biyu muka sauke ta muna nishi.
Na ɗora a sikeli, kilo goma sha tara.
Sabuwar kuwa 'yarsa Ximena ce ta miƙo mini
da hannu ɗaya,
ɗayan na riƙe da biskit.

Ban ce uffan ba tukuna.
Na shafa tabon da ke gefen hagu,
na san shi, gudumata ce ta miƙar da shi.
Saniya ce, a hanyar Salto, kafin gari ya waye.
Ƙarfen ya tsaya daram, ko fitila ba ta fashe ba,
amma uban Lisandro, sitiyari ya tarbe shi a ƙirji.
Haƙarƙari uku.
Wata biyu ya yi, dariya na gagararsa.

Abin da ya ɗaure mini kai ke nan.
Tsohuwar ta ceci mota, ta miƙa wa mai ita dukan.
Sabuwar kyan ɗan maciji gare ta:
ranar da aka gwabza, ɓawon ƙwai ce,
za ta bar lagireto tsirara.
Kwalin ma bai yi wa kowa alkawari ba,
na sa tabarau na karanta ƙananan baƙaƙen: don ado.

Na ce, "Motarka ce, zan ɗaura.
Amma zan ɓoye mata ƙarfe daga ciki,
kilo shida, kar ka ja da ni.
Sannan yarinyar nan, ina bel ɗin da take ɗaurawa?"

Ya leƙa ta taga.
Kujerar fata sumul, babu ko zare.
Ya daɗe a sunkuye, ruwa na ɗiga masa a ƙeya.

Tsohuwar tana jingine da bango.
Ximena ta durƙusa tana kallon kanta a ciki,
fuskarta ta baje, kumatu har kunne,
tana ta ƙyalƙyala dariya.