Jinga

Daren da kogi ya tumbatsa a fadamar Auyo
Mati ya ɗau fartanya ya fasa jinga
don shinkafarsa ta tsira.
Ruwa ba ya tambayar gonar wa.
Kafin asuba tawa ta zama tafki,
buhu sha ɗaya da na ƙirga a zuci
kifi na yawo a kansu.

Da hantsi ya zo, ƙafa duk taɓo,
bai aiko dagaci ba, bai aiko ƙanensa ba.
Ya tsuguna bakin zaure, hula a hannu:
"Ni ne. Tsoro ya kama ni,
bashin taki ke wuyana."
Na dubi tsufan da ya sauko masa dare ɗaya,
na tuna ni ma a daren
na jingine fartanyata kusa da ƙofa,
barci ne kawai ya sace ni.
Na ce, tashi Mati.
Da kaka ya kawo buhu biyu, na karɓi ɗaya.

Amma Datti, da muka sha nono ɗaya,
bai ci mini ko zangarniya ba.
Magana ce, a rumfar mai shayi:
"Wanda ya kasa tsare jinga
ina zai riƙe gida?"
Aka yi dariya. Tasa ta fi tsawo.
Shekara huɗu ke nan.

Hansai kan ce, tana tankaɗe:
"Ka yafe tafki, ka kasa yafe tofin yawu?"
Liman ya ja mini aya, na ce na ji.
Na ji ɗin.
Ƙayar hanya da allura ake cire ta,
wadda ta tsiro daga ciki fa?

Kuma bai taɓa cewa uffan ba.
Yana gaishe ni kamar ba a yi ranar ba,
yana aiko yara da tarwaɗa,
ina ci, tarwaɗa ba ta yi mini laifi ba.

Jiya aka ce ƙafarsa ta kumbura,
ko masallaci ba ya fita.
Na sa man zafi a aljihu,
na kai gindin tsamiyar ƙofar gidansa
na tsaya ina gyara zaman hula.
Ta bayan danga na jiyo tarinsa,
tarin babanmu sak.

Ban san wa zai fara magana ba.
Na dai yi sallama.