Ɗakin Ƙurya a Aboabo

Mita ce ta fara tona shi.
Katin da ke kai mu ƙarshen wata
ran tara ga wata ya ƙare.
Gidan haya, ɗaki bakwai, kowa na rantsuwa:
ni ko dutsen guga ban kunna ba.

Ni ce mai tashi ƙarfe uku in dama koko,
don haka ni na ga hasken,
siririn zare mai ruwan shunayya
yana rarrafowa ta ƙarƙashin ƙofar Inusa,
fanka na nishi a ciki kamar mai zazzaɓi,
shi kuwa ga shi a baranda bisa tabarma,
sauro na rabon gadonsa.
Wane baƙo ne ya kori mai ɗaki?

Ƙanena ne. A bayana ya baro Ejura.
Hannun Baba ya ɗauko,
Baban da in ya soka sanda a ƙasa ya manta
sai a tarar ta yi toho.
An sayar da gonar kafin sadakar arba'in.
Shekara huɗu Inusa na zaga Adum da takardar makaranta
har ta yi laushi kamar tsumman goge tukunya.

Na tura ƙofa.
Bokitin fenti shida, sun ja sahu,
ganye mai yatsu bakwai yana miƙo mini gaisuwa.
An toshe taga da bargon Inna.
Ba rana, ba raɓa, ba tsuntsun da za a kora,
damina ce da aka saya da kati
aka kulle ta da kwaɗo.

Ya ce, Yaya Adiza, magani ne.
Na ce, wa ke ciwo?
Ya dubi silifas ɗinsa.

Ban faɗa wa kowa ba. Allah Ya gani, ban kuma yarda ba.
Amma na ji shi da dare yana yi musu magana
da muryar da Baba ke lallashin doya,
ranar da aka ɗauke wuta kuwa
na gan shi tsugune cikin duhu, gumi har gwiwa,
yana yi wa wiwi fifita da murfin kwali.
Ko da na yi masassara bara
ban samu wannan fifitar ba.

Ran girbi ya ari almakashina.
Ba ganga, ba gayya, ba yaran da ke bin kala,
sai ƙyas, ƙyas, da numfashi a ɗauke.
Ya rataye su kai ƙasa a igiyar shanya
kamar jemagun bishiyoyin Kejetiya.
Wari ba ya biyan haya
amma ɗaki bakwai ɗin nan duk ya kwana.
Na ƙona turaren wuta na wata guda a kwana uku,
na bar albasa ta ƙone a mai da gangan.
Anti Serwa ta shaƙi iska, ta dube ni,
ta ce, ƙosanki na bana da ƙarfi yake.
Duk jiniyar da ta bi titin Asawase
a cikina take tsayawa.

Wani ya zo a babur, hular kwano bai cire ba,
noman wata huɗu ya shige jaka ɗaya.
Inusa ya ajiye kuɗi a gefen farantina.
Na ce, ɗauke, kada su taɓa ƙullu.
Kai wa mita, ita ta yi noman.

Da asuba na kwaso bokitan da suka zama wofi,
na zuba irin attaruhu da yakuwa,
na jera su a tsakar gida inda rana ke faɗowa kyauta.
Ya zo ya tsaya. Ya ce na cika ruwa.
Ya durƙusa, ya gyara ƙasar da yatsa,
hannun nan dai, hannun Baba.

Sai da ya tafi na ƙirga.
Biyar ne.