Tsakanin Gada da Gado

Ranar Talata aka ba ni rajista da biro biyu,
da 'yar shara ruwan ɗorawa mai tambarin ƙaramar hukuma.
Madam Abosede ta ce, kai ka ji Hausa, ka ji Yarbanci,
je ka ƙirgo mana masu kwana ƙarƙashin gadar Ijora,
ciyaman na son adadi kafin a zauna kan kasafi.

Na je bayan lisha, sa'ad da Ikko ke amayo mutanenta.
Tirela na wucewa a sama, siminti na kakkarwa kamar mai masassara.
Fom ɗin na da gurbin suna, da na shekaru,
da wani dogon layi na adireshi.
Na tambayi Jatau mai turin baro,
ya ɗaga kai ya ƙirga ginshiƙai,
ya ce rubuta na bakwai daga bakin ruwa,
in ana ruwan sama kuma, na tara.

Cindo ya zo Kurmi da babur na bashi,
aka kama babur ɗin a kan hanyar Apapa,
yanzu hular kwano ce matashin kansa.
Iya Risika ta yi shekara ashirin a ɗaki ɗaya a Badiya,
katafila ta shiga da hantsi, ita ta fito da tukunya.
A bakin zaninta kowa ke ajiyar kuɗi,
ko sisi bai taɓa yin ciwon kai ba.
Wani yaro, Ebuka, ya hana ni sunan ubansa,
wai in na rubuta za a mai da shi.

Ɗari biyu da goma sha ɗaya.
Kafin in gama maimaitawa an sami ƙaruwa, mace.

Tsakani da Allah, an yi ƙoƙari a sakatariya.
An share tsohon sito a bayan kasuwa,
an jera gado arba'in, an ja famfo,
Madam ta sayo gidan sauro da kuɗin aljihunta.
Sai dai arba'in ba ta haɗiye ɗari biyu,
mai sito kuma ya ji ƙanshin gwamnati, ya ninka haya.
Kansila ya ce gadar ta tarayya ce,
tarayya ta ce ƙasan gada na jiha ne,
jiha ta ce mutanen ai na inda suka fito ne.
Takarda ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur
har gefenta ya yi baƙi da yatsu.
Ita ma ba ta sami makwanci ba.

Tsakanin gada da gado wasali ɗaya ne,
mu goma sha huɗu a ofis mun kasa tsallake shi.

Asubar Juma'a motocin 'yan tsafta suka zo,
ba daga wajenmu ba, an ce, daga sama.
Kwali, leda, tabarma, duk wuta ɗaya.
Ko da na iso an wanke ginshiƙi na bakwai tas,
ana shafa masa fenti.

A bakin titin jirgi na ga Jatau da baronsa.
Bai zage ni ba. Ina ma ya zage ni.
Ya ce, malam mai rajista, a gyara adireshin nan,
kada gadon ya zo ya tarar ba na nan.

Na koma ofis bayan magariba.
Masinja ya kulle ƙofar gaba, ya bar mini ta baya kamar kullum,
don wata huɗu ke nan da mai gidan haya a Ajegunle
ya fitar mini da katifa tsakar gida.
Na haɗa benci biyu, na yi matashi da rajista.
Ɗari biyu da goma sha biyu na numfashi a kunnena.
Saura layi ɗaya a shafin ƙarshe.
Na daɗe ina kallonsa, biro a hannu,
har aka ɗauke wuta.