Lissafin Barira a Kwangila

Shekara ashirin da uku ina kiran gari a gindin gada,
Kano! Kano mutum ɗaya!
har muryata ta koma ta tsohon zakara.
Ran Laraba sai ga 'yata Barira daga Samaru
da littafi a hammata, da biro mai cizajjen kai.

Ta ce, Baba, akwai lissafin da ya san inda mutane za su
tun ba su ɗaure kaya ba.
Yawan mutanen nan ka ninka da na can,
ka raba da nisan tsakani,
nisan ma sai an ninka shi da kansa.
Babban gari ja yake, kamar maganaɗisu da allura,
nisa kuwa birki ne.

Na ce, wannan ai ko yaron mota ya sani.
Kano na cika shayina bai huce ba,
Kaduna ba ta jiran kira,
Sakkwato kuwa sai azahar ta gota
ana neman mutum biyu.

Kwana uku ta yi a bencin mai rake
tana jan zane, huɗu a tsaye, na biyar a gicciye.
Funtuwa ta faɗa daidai. Kano ta faɗa daidai.
Ta yi murmushin mai riba.

Sannan aka zo kan Birnin Gwari.
A takarda ga ta nan, tafiyar hantsi,
amma kujerun sun yini suna shan rana.
Na ce, rubuta: tsoro ma mil ne,
kuma ba ya kan taswira.
Ranar da mai ya tashi, kowane gari ja da baya yake,
har Giwa, da ke bayan ɗaki.

Sai ga Tanimu mai gyaran agogo na Tudun Wada
da baƙar leda a ƙirji.
Duk ƙarshen wata haka yake,
mota uku, sannan babur, sannan ƙafa,
zuwa wani ƙauye mai gida arba'in can bayan Gummi.
Ta buga, ta sake bugawa.
Lissafi ya ce rabin mutum ne zai je can a shekara.
Ga shi kuwa cikakke, har da tari,
yana cinikin kujerar gaba.

Maganin ido yake kai wa wansa,
wan da rabonsa da yi masa magana
tun rabon gonar ubansu.
Ya ajiye a bakin ƙofa, ya sha ruwa a maƙwabta,
ya juyo.

Barira ta daɗe tana kallon ledar.
Ta ce malaminsu na kiran irin wannan saura,
abin da ya rage bayan lissafi ya ƙoshi.
Na ce, da sauran nan na biya kuɗin makarantarki.

Da za ta tafi na riƙe littafin.
Na ce, buga mini ɗaya:
daga Samaru zuwa ɗakin uwarki mil nawa ne,
da wata biyu ba a gan ki ba?
Ta rufe fuska da mayafi tana dariya,
ta ce wannan sai an sake bincike.

Direba ya danna oda.
Na juya ga titi, na buɗe abin da ya rage na murya:
Gusau! Gusau mutum ɗaya!