Awon Kunne

A Sheffield, a wani ɗaki bayan kantin tabarau,
wata mata mai suna Bronwen ta ce in buɗe baki.
Ta sa mini ɗan toshe tsakanin haƙora,
ta ɗura mini shuɗin kwaɓi a kunne,
mai sanyi kamar kindirmon safe.
Sai duniya ta ɗauke wuta.
Ruwan da ke dukan taga ya koma bebe,
ba abin da ya rage sai bugun zuciya da haɗiyar yawu.
Shekara arba'in da ɗaya ina yawo da kunnuwan nan,
ban san na hagu ya fi na dama lanƙwasa ba.

Tela ya auna ni, baduku ya zana ƙafata a kwali,
amma awon kunne, wannan sai a nan.
Kuɗin kuwa, a bar kaza cikin gashinta.
To, fam ɗari tara ne.
Na ce wa Lantana araha ba ta ado.
Ta ce, wane ado, abin da za ka cusa a rami?

Bayan mako biyar suka iso,
tagwaye masu sheƙi kamar bawon katantanwa.
Na murza, suka shige, suka kwanta
kamar ruwa ya sami kwari.
Ba cizo, ba ƙaiƙayi, ba zamewa
irin ta 'yan fam goman tasha
da ke gasa kunne kafin tarago ya kai Hillsborough.
Awa shida suna ciki, na manta da su.

Don kiɗa na saya, da kiɗa na fara.
Na ji yatsan mai gurmi yana shafar tsirkiya
kafin tsirkiyar ta yi magana.
Na ji mai sarewa yana satar numfashi.
Ganga tana can ƙasa, ba ta taka kowa ba,
kalangu a dama, 'yan amshi a baya,
kowa da wurin zamansa, har kana iya nuna shi da yatsa.

Ranar Laraba na taso daga aikin dare a asibiti,
tarago ba kowa sai ni da wata lema da aka manta.
Yatsana ya kai kan saƙon Baffa.
Daƙiƙa arba'in da bakwai,
shekara uku ke nan da rufe shi.
Na haddace shi kamar karatun allo:
ya sanyi, ka riƙa sa safa,
mu nan lafiya lau, kada ka damu.

Amma ran nan saƙon ya zo da gidan gaba ɗaya.
Ƙyauren langalanga ya yi kukansa.
Tattabaru a kan rumbu.
Cokali yana zagaya kofin shayi, sau uku, ya tsaya.
Sai wani siririn fito a ƙirjinsa,
tsakanin lafiya da lau,
fiton da nake ji kullum a gado na sha biyu,
wanda na san sunansa da Turanci.
Can nesa kuma, wajen madafa,
muryar Inna, ƙasa-ƙasa:
ka gaya masa mana.
Ya yi gyaran murya ya rufe ta.

An ce gani ya kori ji.
Wanda ya faɗa bai taɓa zama ƙasar wasu ba.

Na wuce tashata ban sani ba.
A Malin Bridge kwandasta ya taɓa kafaɗata,
bakinsa yana motsi.
Na zare su, gari ya faɗo mini a ka:
ruwa, birki, wani yana tari.
Suna tafin hannuna, da ɗumin jikina a jikinsu.

A gida Lantana tana ɗaura wa yaro takalmi.
Ba ta ɗago ba ta ce, yaya, sun biya kuɗinsu?
Na ce, ba sa ɓoye komai.
Na nemi safa a durowa,
na kira Inna.