Littafin Uwani Mai Kemis

A Rigasa, can bayan tashar jirgi,
Uwani na da kemis, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba,
da wani littafi mai shuɗin bango
da ɓera ya ɗanɗana kusurwarsa.

Ba bashi kaɗai ke shiga ciki ba.
Wa ya zo, daga wane layi, me ya saya,
duk sai ta rubuta.
Maigidanta ya ce ɓarnar biro ce.

Litinin, ƙunshin gishiri da sukari biyu.
Talata, uku.
Laraba biyar, huɗu 'yan Layin Makera.
Ta ja layi a ƙarƙashi,
ta leƙa waje, hadari ya haɗo daga gabas.

Ta koma shafin bara.
Haka lambobin suka fara, da rarrafe,
sannan suka dafa bango,
sannan suka zura da gudu.
A ƙasan shafin akwai Ɗanlami, shekara uku,
wanda uwarsa ta kawo kuɗin magani
bayan sadakar bakwai,
ta ƙi karɓar canji.

Uwani ta ja ƙofa da rana tsaka,
ciniki na tsaye yana kallonta.

Mai unguwa Tanimu na gyaran rediyo a zaure.
Ya ce, "Mutum biyar, a unguwar dubbai?
Ɗanyen mangwaro ne, yara ba sa jin magana."
Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba biyar nake kallo ba,
hanyar da ta biyo nake kallo.
Jiya uku ce.
In mun jira ta zama ashirin,
ba ni za ka saurara ba, masu haƙa ne."

Ya ajiye sukudireba.

Suka bi sawun kurar 'yan ga-ruwa,
taya ɗaya na kuka,
har inda bututu ya kwanta cikin kwata
da tsaga kamar bakin kifi,
yana sha, yana ba mutane.

Kafin la'asar an ɗaure famfon da tsumma da waya.
Liman ya ƙara jimla ɗaya bayan sallama:
a tafasa, ko na alwalar yaro ne.
Wasu suka yi tsaki, gawayi ya yi tsada.

Alhamis bakwai.
Uwani ba ta runtsa ba.
Juma'a shida.
Asabar huɗu, sannan biyu,
sannan shafi fari fat,
sai mai neman man zafi.

Ba a yi taro ba.
Wa zai yi shelar gobarar da ba ta tashi ba?
Yaran Layin Makera na tsalle cikin ruwan sama,
ba su san sun taɓa zama lamba ba.

Da dare maigida ya ƙirga ciniki,
ya ce watan nan an yi baya.
Ta ce, "An yi."
Ta girgiza biron, ya ƙafe.
Ta aiki yaro ya sayo biyu.